Ruwan Tiga: Na Bakin Ƙofa Da Na Ƙurya

Laccar da magatakardan reshenmu na Tarauni ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Unguwa Uku. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami halarta ba.

Dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa talakawa, da ku mutanen kasuwa da kuka rufe rumfunanku kuka taho, muna yi muku barka da zuwa. Mun ga mutanen Gyadi-Gyadi, mun ga na Tarauni, har da waɗansu daga Na'ibawa. Allah ya saka muku da alheri.

Yau maganar ruwa za mu yi, watau ruwan noman rani. Mun sani wani zai ce a ransa, mu da ke zaune cikin gari, kwalta gaba kwalta baya, ina ruwanmu da ruwan lambu? To, da ruwanmu ƙwarai. Mai sayar da kayan gwari a kasuwar Tarauni, in ya kwance kwandon tumatir da rani, ya tambayi kansa daga ina ya fito. Galibi daga ƙasar Kura ne, da Bunkure, da Garun Malam, kuma ta wannan hanyar Zariya da ke gabanmu ya shigo. Haka shinkafar da uwarmu ke aunawa a kwano. Sa'an nan cikin waɗanda ke zaune nan, mutum nawa ne ba su aika wa ƙane ko ɗan'uwa a ƙauye kuɗin taki ba bana? Akwai mai kanti a nan wanda rabin jarinsa na kan kanta, rabi na cikin fangali. In ruwa bai kai gonar ƙanensa ba, shi ma ya faɗi, ko da ya ke bai taɓa riƙe fartanya ba.

Bari mu ɗan koma baya. Kafin a yi dam, mai lambu da jigo ya ke ban ruwa. Zai kafa shi a bakin rafi ko rijiya, doguwar sanda, curin ƙasa a gindi, guga a kai. Ko wane guga da ƙarfin kafaɗarsa ya ke fitowa, saboda haka ba ka taɓa ganin mai jigo ya bar ruwa yana malala a hanya. Amma fa abin da zai iya shayarwa ɗan kaɗan ne, ko rabin eka da ƙyar.

Da Audu Bako ya zama Gwamnan Jihar Kano a 1967, sai ya sa hannu kan aikin tare ruwa. Aka yi Bagauda a 1970, aka gama Tiga a 1974, daidai sa'ad da farin 1973 ya gama gasa mutane da dabbobi. Mu 'yan hamayya ne, amma ba mu hana wa mai gaskiya gaskiyarsa: aikin nan ya yi wa Kano rana. An gina Tiga domin ta riƙe ruwa kusan tan miliyan 2,000 in ta cika. Aka tsara kashin farko na aikin ban ruwa zai ci hekta 22,000, watau sama da eka 50,000, ko da ya ke shekara da shekaru abin da aka gyara bai wuce kamar kashi biyu cikin uku ba. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Ofishinta ma maƙwabcinmu ne, yana nan kan titin Maiduguri ta wajen Hotoro.

Yanzu ku saurara ku ji yadda ruwan ke tafiya, don a nan maganar ta ke. Ruwa ya kan fito daga Tiga ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da reshen yamma. Ba inji ke tura shi ba, gangare ya ke bi. Daga reshe ya shiga ƙananan magudanai, daga nan ya shiga 'yar hanyar ƙasa wadda ta ratsa gonaki, manomi ya sa tiyo ya janyo shi cikin fangalinsa. An kuma haƙa tafkuna, domin ruwan da ya iso da dare ya kwana a ciki, da safe a buɗe. Ko wace 'yar hanya tana da ƙofa a kai, gonaki na jere a bayanta. Akwai wanda gonarsa ke bakin ƙofa, akwai na tsakiya, akwai na can ƙurya, wanda ruwa ba ya isa gare shi sai ya wuce ta gaban kowa.

Na bakin ƙofa ya tashi da asuba ya jera tiyo, ya tafi shan shayi. Fangali ya cika ya tumbatsa, ruwa ya fasa kunya ya bi hanya, har jaki ya sami wurin birgima. In ya ga ruwan ya ja baya, sai ya sa buhun ƙasa ya datse hanyar gaba ɗaya. Na ƙurya kuwa yana can tsugune tun hantsi, albasarsa ta sunkuyar da kai, yana duban hanya busasshiya. In ya yi magana a ce shi mai neman fitina ne. Sai ya haƙura ya dawo da tsakar dare da tocila, ya cire buhun a ɓoye kamar ɓarawo, alhali kuwa haƙƙinsa ya zo ɗauka. Gobe a yi cacar baki, jibi a kai ga dagaci. In ya gaji, ya ci bashi ya sayi injin ban ruwa ya riƙa zuƙo na magudanar da a ke zubar da ragowa. Watau shi da na bakin ƙofa kuɗin ruwa ɗaya a ke bin su, amma shi sai ya ƙara da kuɗin mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ku da kanku ku lissafa abin da ya rage wa na ƙurya.

Mun saba tsayawa a wurin nan mu faɗi laifin mahukunta, kuma ba mu daina ba. Magudanar da aka bari ta tsage, da ƙofar ƙarfen da ta yi tsatsa aka rasa mai gyara, ba laifin talaka ba ne. Haka kuma ba mu manta da manyan mutanen gari ba, masu zuwa da mota su kama hayar gonaki mafi kyau, su bar yaro ya tsare musu ruwa, in an kira gayya ba a ganin ko inuwarsu. Amma yau sai mun faɗa wa kanmu mai ɗaci. Buhun ƙasar nan da ke cikin hanya, yawanci talaka ne ya sa shi, kuma talaka ɗan'uwansa ya hana.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa son lissafi, to ga shi. A ce mutum yana da eka guda, ya bar ruwa ya ɗara abin da shuka ke bukata da santimita 5 kacal, watau kamar gaɓa biyu ta ɗan yatsa. Wannan 'yar ɗarawa a kan eka guda lita 200,000 ce da 'yan kai. In aka zuba ta a jarka mai lita 25, jarka 8,000 ke nan. Mai kurar ruwa da ke bin lungunan Unguwa Uku da jarka 10, sai ya yi sawu 800 kafin ya kawo ta. A ban ruwa ɗaya ke nan, na mutum ɗaya. To, sau nawa a ke ban ruwa kafin a cire albasa? Mutum nawa ne a bakin ƙofa daga Kadawa zuwa Bunkure? Mu a nan muna sayen jarka da kuɗi, kuma wani sashe na ruwan famfon garin nan daga Tamburawa a ke jawo shi, cikin wannan kogi dai da Tiga ke saki.

Abin mamaki kuwa, mai ɓarnar ba riba ya ke ci ba. Saiwar tumatir da ta albasa suna son iska kamar yadda su ke son ruwa. In ruwa ya kwanta musu sai su ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai gona ya ce rashin taki ne ya je ya ƙaro. Takin da ya zuba kuwa ruwan nan ya riga ya wanke shi ya yi ƙasa da shi inda saiwa ba ta kai. In aka daɗe a haka, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, rana ta shanye shi ta bar farin gishiri a bisa kamar kanwa, gonar ta mutu a hannun mai ita. Ya cuci na ƙurya, ya cuci 'ya'yansa da za su gaji wurin.

Mu ba malamai ba ne, karatunmu na makarantar Mishan ne, saboda haka muka je muka tambayi masu abin ko Shari'a ta ce wani abu. Suka ce ai tsohuwar magana ce. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kan rafukan Madina: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Ku lura, an ba shi farko, amma an yi masa awo. Suka ƙara da cewa wannan hukuncin ruwan rafi ne wanda ba mai shi. Magudanar da jama'a suka yi tarayya a kanta kuwa, rabawa a ke yi tsakaninsu, har malaman Malikiyya sun ambaci tukunya mai huda da a ke cika ta da ruwa a rataye, in ta tsiyaye lokacin wane ya ƙare, na wane ya kama. Mutanen da ba su da agogo sun san yadda za su raba ruwa da adalci. Mu ko wannenmu da waya a aljihu mai nuna har daƙiƙa.

To, ina mafita? Tun 2014 Gwamnatin Tarayya ta ciwo bashin kusan dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, cikin shirin da a ke kira TRIMING, aka gyara magudanai a Kogin Kano da kwarin Haɗeja da Bakolori. Cikin sharuɗɗan shirin har da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, a danƙa musu kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa. Mun ji waɗansu 'yan'uwanmu na cewa wannan wayo ne, Gwamnati ta sauke kayanta ta ɗora wa talaka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mu ra'ayinmu a shiga ƙungiyoyin nan, a shiga da yawa, a riƙe su. Bashin nan da mu da jikokinmu za mu biya, ko mun shiga ko ba mu shiga ba. In talaka ya yi fushi ya zauna gida, kujerar ba za ta zauna ba kowa ba. Mai mota zai hau, ko yaron dagaci, ko wanda jam'iyya mai mulki ta nuna da baki.

Mun san abin da ke sa gabanku faɗuwa, kalmomi biyu ne: kuɗi da aikin gayya. Wani dattijo zai ce, ashe ba iyayenmu ne suka sha ɗauri da bulala a kan haraji da aikin tilas ba? Haka ne. Tun da aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa suka bi ƙauyuka suna gaya wa talaka kada ya yi noman gandun sarki kyauta, kada ya ba da ko kwabo sai da rasit. Aka yi ta fama har Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Ba mu zo mu mayar da abin da aka binne ba. Amma a duba da kyau. Aikin tilas, ka yi gumi a gonar wani, hatsin ya shiga rumbunsa. Yashe magudana kuwa, ruwan da ya biyo bayan cebur ɗinka gonarka za shi. Haraji, ka biya ya tafi birni ba ka ƙara jin labarinsa. Kuɗin ruwa, in ƙungiya ta gaskiya ce, kana tsaye za a sayi siminti da shi a toshe tsagar da ke gabanka. Sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Abin da iyayenmu suka koya mana shi za mu riƙe a nan ma: ba rasit, ba biya. Littafin kuɗi kuma a karanta shi da ƙarfi gaban kowa, da Hausa, sau biyu a shekara, a faɗi abin da ya shigo, da abin da aka ba Hukuma, da abin da ya rage. Ma'ajin da ya ce littafi na gida ya manta, a sauke shi a ranar.

Babbar bukatarmu ga ko wace ƙungiya ita ce a rubuta jerin kwanaki da sa'o'i, wane daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, gwargwadon faɗin gonarsa, a manna a bakin ƙofa inda mai wucewa zai gani. Kuma mu shawararmu a fara daga ƙurya a yo gaba. Dalili kuwa, na bakin ƙofa ba ya rasa ruwa ko an bar shi ƙarshe, ta gabansa ya ke wucewa. In ya san ba zai sha ba sai na ƙurya ya ƙoshi, shi da kansa zai fito da cebur ya share hanya don ruwa ya yi saurin isa, shi zai fara ihu in ya ga tsaga. Haka nan mai riƙe mabuɗin ƙofa a zaɓe shi daga mutanen ƙurya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wanda ya kama hayar gona, ko ɗan wane ne, ya zo gayya ko ya biya ladan wanda zai yi masa. Matan da ke da gonaki, ko na gado ko na haya, a rubuta sunansu da kansu, kada a ce sai ta bakin wani.

Kada ku ce manomi ba zai iya hukunta manomi ba. A birnin Balansiya na ƙasar Sifen akwai kotun ruwa da ke zama ko wace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin garin. Alƙalanta manoma ne waɗanda 'yan'uwansu suka zaɓa, da baki a ke ƙara, da baki a ke yanke hukunci nan take, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru a haka. Nan kusa ma, a Jiratawa ta ƙasar Maraɗi, Hausawa ne 'yan'uwanmu ke noman rani da ruwan burtsatse, ƙungiyarsu ke tara kuɗin wutar da ke jawo shi. Wanda ya san shi zai biya wuta ba ya barin famfo a buɗe. Abin da ke faruwa in an yi aikin ruwa ba a tambayi manomi ba, shi ma mun gani. A Bakolori cikin Afrilu 1980, manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanya suna neman diyya, aka aiko 'yan sanda suka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu.

Sauran dabarun cikin gona ba mu za mu koya wa manomi ba, sai dai tuni. A daidaita fangali kafin shuka, don in gefe ɗaya ya fi tudu, sai an nutsar da rabin gona kafin ruwa ya hau ɗaya rabin. Tumatir da tattasai a kan kunya, ruwa ya bi kwari. A tona da yatsa a ji damshi kafin a sake buɗe tiyo. Mutanen hanya ɗaya su zauna tun kaka su shirya abin da za su shuka, don shinkafar rani tana shan kamar ninki biyu na abin da alkama ke sha, in mutum uku a bakin ƙofa suka yi ta, na baya sun shiga uku. Masu fadama da ke wajen aikin Tiga, maimakon inji biyar a gonaki biyar da ke jere, ko wanne na shan mai rabin yini, a haɗa kai a kan ɗaya ko biyu. Mai aiki da hasken rana ya fi ƙarfin mutum guda, amma bai fi ƙarfin mutum goma da adashi ba.

Wata magana kuma a taƙaice. Mu duka Kanawa, da na ƙofa da na ƙurya, a bakin ƙofa mu ke in an duba kogin gaba ɗaya. Bayan Tiga aka ƙara dam ɗin Challawa a 1992. Mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa, waɗanda dā ambaliyar damina ke shayar musu da fadamu ta kawo kifi, su ne 'yan ƙuryarmu. Tun da aka tare kogunan nan ambaliyar ta ragu, ciyawar kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa. In muna neman adalci a 'yar hanyarmu, kada mu ji haushi ranar da suka zo neman nasu.

Yanzu gare ku 'yan kasuwa, da dillalai, da iyayenmu mata masu adashi. Ku ke ba da kuɗin iri da taki, a biya ku da kaya in an cire. Kuna da baki a wannan magana fiye da yadda ku ke zato. Kafin ka miƙa kuɗi bana, tambayi ƙanenka: gonar nan a ina ta ke kan hanya? Kuna da jerin kwanaki? Wa ke riƙe da mabuɗi, kuma wa ya zaɓe shi? Ka biya kuɗin ruwan bara, ina rasit? In na bakin ƙofa ne, gaya masa ba da kuɗinka za a wanke taki a zubar a kwari ba. In na ƙurya ne, kada ka guje shi don ka ga hatsari, ka sa shi ya tara maƙwabtansa su je taron ƙungiya tare, su zauna a gaba. Wanda kuma a cikinku ya kama hayar gona da kansa, mun san akwai su a nan, ga wani can yana sunkuyar da kai, to ranar gayya a gan shi da cebur ko a ga kuɗinsa.

Reshe ya buɗe littafi a ofis. Duk mai gona, ko mai ɗan'uwa da gona a ƙasar Kura, Bunkure, ko Garun Malam, ya zo ya rubuta sunan ƙauyen, da hanyar da gonar ta ke, da ko ruwa ya kai ta bara ko bai kai ba. Wanda ke da rasit ɗin kuɗin ruwa ya taho da shi, za mu kwafa mu mayar masa. Wanda ya biya ba a ba shi ba, shi ma ya zo ya faɗi nawa ne da ranar da ya biya. Da wannan littafi wakilanmu za su tafi Hotoro, don kada a ce mana jita-jita mu ke yi. Wanda bai iya rubutu ba, akwai yara biyu da za su zauna ko wace rana daga bayan la'asar zuwa magariba. Iyayenmu mata kuwa ranar Lahadi da hantsi, shugabar mata za ta karɓe su.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Dattawa tukuna.